Ranar da Na Kira Sunan Surukina

An yanka mini mara an ciro dutse mai girman ƙwan zabo daga mafitsarata. Bara ne, bayan an gama yankan shinkafa. Ban mutu ba.

Sunana Garba. Masunci ne ni, daga Wurogauri ta ƙasar Kalgo. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa na yi aka rubuta, na kuma ce kada a ƙara gishiri. Ina faɗa ne saboda masu shiga ruwa irina, da masu kunya irina.

Tun ina yaro nake fitsarin jini. Tsargiya muke ce masa. Duk yaron da ke shiga gulbi a wajenmu yana yi, kuma ba a lissafa shi cikin ciwo. Tsofaffi cewa suke yi alama ce yaro ya fara zama namiji. Wanda bai fara ba har tsiya muke yi masa a bakin ruwa. Yakan zo, yakan tafi. Da shi na yi aure, da shi na haifi 'ya'ya, da shi furfura ta same ni.

Sai fitsarin ya fara yankewa. Ina tsugune yana zuwa, sai ya tsaya cak kamar an toshe bakin buta da yatsa. Sai na karkata, ko na miƙe na ɗaga ƙafa ɗaya na girgiza jiki, na sake tsugunawa, sannan ya dawo. In ya ƙare kuma sai zafi kamar an zuba barkono. A cikin jirgi ba mai ganina. A gida ne matata Hajo ta fara lura.

"Malam, lafiya kake daɗewa a bayan gida haka?"

"Lafiya."

Washegari na sa hula na ce mata zan tafi neman magani.

A wajenmu in magidanci ya faɗi haka, ba mai tambayarsa ina, ba mai tambayarsa na me. Sai dai a ce Allah ya sa a dace. Ko na ciwo ne, ko na kasuwa, ko na ɓeraye, ko na maƙiya, maganar ɗaya ce, ta rufe komai. Shi ya sa na so ta. A ganina neman magani shi ne ka je ka miƙa kuɗi, a ba ka ƙulli, ka dawo ka haɗiye, ba wanda ya ga tsiraicinka. Neman taimako daban ne. Wannan sai ka buɗe baki ka ce ka kasa. Ni kuwa tun da ubana ya rasu ban taɓa ce wa ɗan Adam na kasa ba.

Makon farko wurin wani mai kemis na je a Kalgo. Shagon cike da mata da goyo. Ya tambaye ni me ke damuna. Na dubi matan, na ce bayana ke ciwo. Ya ba ni ƙwayoyi da man shafawa. Na sha ƙwayoyin, na shafa man a bayan da lafiyarsa ƙalau.

Ana nan aka yi suna a maƙwabta, sai ga Manu ya zo. Manu taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, yana noman albasa a Dodoru. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu zagi juna ba. Shi ya kama ni a bayan rumbu ina tsaye da ƙafa ɗaya.

"Kai, mi kake yi nan kamar zalɓe?"

"Wuce ka ba ni wuri."

"Ba ni wucewa. Masunci guda, ruwa ya gagare ka?"

Na sauke ƙafar. Ya ce, "Sanyi ne. Kun ƙare rayuwa cikin ruwa kamar kwaɗi, dole ya kama ku. Akwai wani tsoho a Ceberu, jiƙo ɗaya zai ba ka ka yi ta zuba kamar indararo."

A babur ɗinsa muka je. Duk ramin da ya faɗa sai na ji kamar an soke ni da mashi daga ciki. Da muka isa Manu ne ya yi magana, ya ce sanyi ne, ni kuma na gyaɗa kai. Tsohon ya haɗa mini sassaƙe da saiwa da jar kanwa. Jiƙon ya yi aikinsa, ya tara fitsari mai yawa. Hanyar fita ce babu. Ban ga laifin tsohon ba. Maganin sanyi aka tambaye shi, maganin sanyi ya bayar.

Yayar Hajo da ta ji na daina zuwa su a gulbi, ta aiko cewa jifa ne, wai wani ke son wurin da nake kafa taruna. Na je wurin malamin unguwarmu na ce masa jikina ba daɗi. Ya yi mini rubutu, ya ce, "Garba, ka sha, amma ka je asibiti su duba ka. Wannan ba ya hana wancan." Na sha rubutun, na bar masa sauran maganar.

Asibiti sai an tuɓe ka. Kuma sai da mai kai ka, da mai zama da kai. 'Ya'yana maza suna kudu wurin ci-rani. Mai mota ɗaya ne a duk danginmu, shi ne Bello, mutumin Gwandu, mai jigilar albasa. Bello kuwa mijin ɗiyata ta fari ne. Ita kanta ba na kiran sunanta, balle shi. Tun da ya aure ta bai taɓa kallon idona ba. In ya zo gaisuwa, a ƙofar zaure yake cire takalmi, ya durƙusa can nesa, ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ni kuma in amsa ina kallon bango. In ya zama dole in ambace shi, mutumin Gwandu nake cewa. Wannan mutumin ne zan dubi fuskarsa in ce masa fitsari ya ƙi fita? Na ce a raina gara in mutu. Da gaske nake.

Makonni suka yi ta wucewa. Zazzaɓi ya shigo. Na rame, abinci ya fita raina, ruwa ma na rage sha don tsoron abin da zai biyo baya. Masu dubiya suna zuwa suna cewa ya jiki, ina cewa da sauƙi. Hajo ba ta ƙara tambayata ba. Ita ke wanke mini wando, ta riga ta sani.

Ranar da abin ya kai maƙura, tun la'asar ɗin jiya ko ɗigo bai fita ba. Marata ta kumbura ta yi tauri kamar an kifa ƙwarya. Zama ya gagara, kwanciya ta gagara. Sallar asuba a jingine na yi ta, don ruku'u ba ya yiwuwa. Da hantsi sai na ji ƙugin tsohuwar motar Bello a ƙofar gida. Matarsa ce ta aiko shi da fura da gaisuwa, zai wuce kasuwa. Na ja jiki zuwa zaure, na jingina da bango, na rufe cikina da bargo.

Ya cire takalmi, ya durƙusa inda ya saba.

"Baba, ina kwana. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ta ce a gaishe ka."

"Ina amsawa."

Ya ɗan jima a durƙushe kamar mai jiran wata magana. Ba ta zo ba. Ya yi sallama ya fita.

Hajo tana tsaye a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, in ba ka kira shi ba, ni zan fita haka ba mayafi in kira shi."

"Koma ciki."

"Ba ni komawa. Takaba kake so in shiga don kana jin kunyar yaro?"

Motar Bello ba ta tashi da bugu ɗaya. Ina jin ta tana tari tana mutuwa, tana tari tana mutuwa. Sai ta kama. Na san in ta bar ƙofar nan, sai dai ya dawo ɗaukar gawa.

Na ce, "Bello."

Muryar ba ta kai ko bakin zaure ba. Na tattara abin da ya rage mini na sake kira. Motar ta mutu. Ya shigo da gudu, da takalminsa a ƙafa, ya tsaya a kaina yana haki.

Na ce, "Fitsari ya ƙi fita tun jiya. Na kasa. Ka taimake ni."

Ya sunkuya ya ɗauke ni cak, Hajo ta tallabi ƙafafuna, suka kwantar da ni a kan buhunan albasa da babu komai a ciki. Har yau in na ji warin ɓawon albasa sai na tuna hanyar nan.

A wani ƙaramin asibiti muka fara tsayawa. Wani saurayi mai farar riga ya danna marata sau ɗaya, na yi ƙara, ya ce a kwantar da ni. Ya ce wa Bello ya riƙe mini gwiwoyi. Bello ya riƙe, ya juya fuskarsa yana kallon bango. Aka zura mini roba ta gaba. Ba zan ce ba zafi. Amma da ta shiga, abin ya fara gudu cikin leda, ja kamar zoɓo. Na ci kifi mai daɗi a duniya, na yi aure, an yi mini albishir da ɗa namiji. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Leda ta cika aka zubar, ta sake cika. Barci ya ɗauke ni a kan teburin, ba wando.

Suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti a birni. Can ne na san layi. Layin kati daban, layin biya daban, layin ɗibar jini daban, layin hoto daban. Wannan taga ta tura ka waccan, waccan ta ce ba nan ba ne. Ina zaune a benci da leda a ƙarƙashin riga, Bello na yawo da takardu. Mun wuni muna jiran hoto aka ce wuta ta ɗauke, mu dawo gobe. Wani ma'aikaci ya daka wa Hajo tsawa don ta zauna a bakin hanya, mace mai jikoki. Wannan ban ji daɗinsa ba, kuma ban fasa faɗa ba.

Likitar da ta duba ni mace ce, sa'ar ɗiyata. Da an ce mini haka a Wurogauri da ban zo ba. Ta ɗaga wani baƙin hoto ta nuna mini fari a tsakiyarsa, ta ce dutse ne, shi ke faɗawa bakin hanya ya toshe.

"Baba, tun yaushe kake fitsarin jini?"

"Tun ina yaro."

"Ba ka nemi magani ba?"

"Ai wannan ba ciwo ba ne."

Ta ajiye biro. "Ciwo ne, Baba. Tsutsa ce ta ruwa, tana shiga ta fata, ta je ta zauna a mafitsara tana yi mata rauni. Maganinta 'yan ƙwayoyi ne. To shi toshewar fa?"

"Shi na nema. Na je Kalgo, na je Ceberu, na sha rubutu."

"Me ka ce musu yana damunka?"

"Ban faɗa ba."

"To maganin me suka ba ka?"

Bello na tsaye a bayana, na ji ya gyara tsayuwa. Wannan tambayar ta zauna mini fiye da duk abin da aka faɗa a asibitin. Ta ce ƙodata ta fara jin jiki, da na ƙara jinkiri da zancen ya canza. Ta ce sai an yi tiyata, amma sai zazzaɓin ya sauka tukuna.

Aka ba ni gado a ɗakin maza. Ba a barin mata su zauna ciki sai lokacin ziyara, don haka Hajo ta koma gindin bishiya a waje tare da sauran matan masu jinya, tana dama kunu a murhun duwatsu. Bello ya ajiye motarsa, ana tsakiyar kakar albasa, lokacin da direba ke samun na shekara. Shi ke zubar da leda. Shi ke goge mini jiki. Shi ke riƙe ni zuwa bayan gida.

Amma magana ta gagare mu. Sunan nan da na kira ranar nan, bakina ya ƙi maimaita shi. Shi ma bai san yadda zai yi mini magana kai tsaye ba. Allah ya haɗa mu da Malam Ishaya a gadon kusa, tsohon malamin makaranta, Kirista, mutumin Zuru, wanda ya karye a cinya aka rataye masa ƙafa. Shi muka mayar ɗan aike.

Bello zai dubi Malam Ishaya ya ce, "Malam, ko Baba zai sha kunu?"

"Malam Garba, wai ko za ka sha kunu."

"Ce masa a bari ya huce."

"Ya ce a bari ya huce. Ku biyun nan tsakaninku bai kai kamu biyu ba, kun mai da ni tafinta da karyayyar ƙafa. Sai kun biya ni."

Wata rana Bello ya fita da leda, Malam Ishaya ya juyo ya ce, "Ya wanke ka, ya zubar maka, amma zancen kunu ne ba ka iya yi da shi?"

Na ce, "Kai ba ka san abin ba."

"Na sani. Mu can noma muke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba mu mata. Na yi wa nawa har tafin hannuna ya mutu. Amma ban taɓa zubar masa da fitsari ba. Ka riƙe yaron nan."

Komai a asibiti saye ne, har safar hannun da za a taɓa ka da ita, har zaren ɗinki. Na ga Bello yana waya a ɓoye yana neman rance. Na ce wa Malam Ishaya ya ce masa a sayar da jirgina. Bello ya ce a'a. Na ce ba shawara na nema ba. Manu ne ya sayar. Wanda ya saya ya san a matse muke, ya taya yadda ya ga dama. Na yafe masa, ban dai manta ba.

Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa. Na farko zazzaɓi ya dawo. Na biyu suka ce sai an ajiye jini ko da za a buƙata. Manu ya taso daga Dodoru ya naɗe hannun riga.

"A ɗebi nawa. Jinin manomi ne, ba na kwaɗo ba. Ko ka samu ka yi hankali."

Ba a ma yi amfani da jinin ba. Wannan bai hana shi yi mini gori ba har gobe.

Ranar aikin allura suka yi mini a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu. Idona biyu. Suka kare ni da zane, suna yanka suna hirar tsadar man fetur. Ina ta salati. Can sai na ji ƙwal a cikin kwanon ƙarfe. Likitar ta leƙo ta ce, "Baba, ga baƙon naka." Baƙi-baƙi ne, mai kaushi kamar bayan kada. Da aka fito da ni aka nuna wa su Hajo dutsen, ta rufe baki tana hawaye. Manu ya ce a ba shi ya sa a majajjawa ya kori tsuntsaye daga shinkafa.

Ɗinkin ya yi ciwo, tari ma sai na dafe. Suka ba ni ƙwayoyin tsargiya na haɗiye, ƙanana, ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Na daɗe ina kallon su a tafin hannuna kafin in sha. Ɗiyata ta zo daga Gwandu, ta zauna wajen ƙafafuna tana kallon ƙasa. Ni ma haka. Ta gyara mini bargo ta tashi.

Robar ta ƙara kwanaki a jikina kafin a cire. Ranar da aka cire suka ce ba sallama sai na yi da kaina sun tabbatar. Na sha ruwa na cika ciki. Na shiga bayan gida ina tsoro kamar yaron da za a yi wa kaciya. Na tsuguna. Ya zo, ya yi ta zuwa, bai yanke ba har ya ƙare, kuma fari. Da na fito na tarar da Bello a bakin ƙofa riƙe da buta. Ya ji komai. Ya dubi rufin ɗaki ya ce alhamdu lillahi. Na dubi ƙasa na ce alhamdu lillahi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajo da ta ƙi komawa ciki. Na gode wa yarinyar nan likita, da saurayin da ya sa mini roba, wanda ko sunansa ban tambaya ba. Malam Ishaya ya warke yana dogara sanda, ya zo har gida ya ci tarwaɗa. Masu tsawa a bakin taga kuma, Allah ya shirye su, su tuna wanda ke kan benci ba don daɗi ya zo ba.

Na je bakin gulbi na faɗa wa masunta cewa tsargiya ciwo ce, su kai 'ya'yansu a ba su ƙwaya. Wasu sun ji. Wasu sun yi dariya sun ce asibiti ta juya mini kai. Yanzu kuma in mutum ya ce mini zai tafi neman magani, ina tsayar da shi in tambaye shi na me. Suna jin haushi, don ba a saba ba. Ina tambaya duk da haka. Wanda ya kasa faɗa mini a ƙofar gida, na san can ma ba zai faɗa ba.

Da ƙaramar sallah Bello ya zo gaisuwa. Na ce wa Hajo ta kawo tuwo a kwano ɗaya. Ta dube ni, ta kawo. Na tura kwanon tsakaninmu na ce masa, "Sa hannu." Ya yi kamar bai ji ba. Na sake faɗa. Ya matso a kan gwiwa, ya yi loma biyu, sai ya ce wai ya tuna bai kulle mota ba. Bai dawo ba sai da aka ɗauke kwanon. Ban matsa masa ba.

Yanzu ina Wurogauri. Ba ni da jirgi, ruwa kuma sai dai in gan shi daga tudu. Ina ɗinke wa mutane taru a gindin mangwaro, ina da ɗan fegin albasa da Manu ya ba ni iri. Ina ruku'u, ina sujada. Ina ci, ina sha, ina fitarwa.